Komawa Aiki da Goyo a Baya

Tambaya: Assalamu alaikum, Anti. Ina zaune a Tudun Wadan Zariya, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Samaru. Hutun haihuwata ya ƙare alhali jaririna watansa uku, yayarsa kuma ba ta cika shekara uku ba. Yaya zan yi da shayarwa da raino?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa, Allah ya raya su. Dokar ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 54, ta ba mai shayarwa rabin sa'a sau biyu a yini domin ta ba ɗanta nono, saboda haka ki nemi wannan lokaci a rubuce ba tare da jin nauyi ba. Ma'aikatan gwamnatin Jihar Kaduna kam hutun haihuwa na wata 6 suke samu tun 2019.

Masana lafiya sun ce nono zalla ake ba jariri har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa. Ki tatsa da asuba a kofi mai murfi wanda aka tafasa, mai raino ta ba shi da cokali, amma kada ya wuce sa'a 4 a waje, musamman a zafin bazara, tunda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce.

Shawarata ki nemi gidan raino a Samaru kusa da makarantarku, domin cunkoson Kwangila, mahaɗar da ke tsakanin Tudun Wada da Samaru, kaɗai zai cinye rabin sa'ar nan. Ita kuwa yayar, idan kakarta tana kusa kuma ta amince, ki bar ta a hannunta.