Kullin masa da ya ƙi tashi da hunturu

'Yar'uwa, kin ce tun da sanyi ya shigo kullin masarki ya daina tashi, duk da kin ƙara yis. Laifin sanyi ne, daina ƙara yis, wari kawai zai sa wa masar. Jiƙa shi daban a ruwa mai ɗumi da ɗan sukari, sai ya yi kumfa ki zuba a kullin. Ki rufe robar, ki naɗe ta da tsohon bargo, ki ajiye gefen murhu bayan an sauke tuwon dare.

Mu nan Toro, da sanyin Jos ke sauko mana daga Disamba zuwa Janairu, kullin da aka bari a tsakar gida haka zai kwana a wayi gari kamar ba a sa masa komai ba. Sharaɗi ɗaya dai: ruwan jiƙa yis ɗin kada ya wuce ɗumin da yatsa zai jure, ruwan zafi kashe yis yake. Gishiri da ruwan kanwa kuma sai da safe, in kin ɗora tanda. Kanwar ma in kin ji tsami ne, in ba haka ba ƙyale ta.