Sabon bugun tsohon faifai, hular hana-sallah da tseren watan Satumba

Wasiƙun wannan makon sun rabu gida biyu: masu tara tsofaffin waƙoƙin da ake sake bugawa a faifai, da masu bin gasar besbol ta Amurka yanzu da kakar wasa ta doshi ƙarshe. Na taƙaita tambayoyin, don wasunku in suka fara gaisuwa sai sun cika shafi kafin su zo kan magana.

Tambaya daga wani saurayi a Kano: Na sayi hular hana-sallah mai alamar NY, mai shago ya rantse mini orijina ce. Yaya zan gane?

Amsa: Nawa ka saye ta? Hular da 'yan wasan New York Yankees ke sawa a fili kamfanin New Era ne ke ɗinka ta, kuma a can Amurka ma kuɗinta ya kai dala 40. Buga da canjin yau, ka ɗora kuɗin jirgi da na kwastan da ribar mai shago. In abin da ka bayar bai kai rabin haka ba, ka riga ka san amsa. Sitikar da ke manne a bakin hular ba shaida ba ce, ita ce abu mafi sauƙin kwaikwayo. Sa abarka, tana tare rana kamar kowace.

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: Na fara son besbol ta hanyar gajerun bidiyo. Ƙungiyata tana gaba da wasa shida. In biya kuɗin kallon kai tsaye, ko dai an gama magana?

Amsa: Ƙanena, ba a gama komai ba. Kowace ƙungiya cikin 30 na babbar gasar tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ana fili, shi ya sa tazarar wasa shida kan narke cikin mako biyu. A 2007 New York Mets suna gaba da wasa bakwai, saura wasa 17 kacal, amma Philadelphia ta ƙwace musu matsayi na ɗaya a rukuninsu (an raba ƙungiyoyin gasar rukuni-rukuni) a ranar ƙarshe. A 2011 Boston Red Sox sun shiga Satumba da ratar wasa tara a kan Tampa Bay wajen neman gurbin zagaye na gaba, su ma a daren ƙarshe aka fitar da su. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Ga lissafin da masu bin wasan ke yi: ka ɗauki 163, ka cire yawan nasarar ƙungiyarka, ka sake cire yawan kayen da mai bi mata ta sha. In taku ta ci 90, ta biyun ta sha kaye 65, saura takwas ke nan. Duk nasararku ɗaya ko faɗuwarsu ɗaya tana rage lambar. Ranar da ta kai sifili, rukuni ya zama naku. Sai dai tun 2022 ƙungiyoyi 12 ne ke wucewa zagayen neman kofi na watan Oktoba, don haka wanda ya rasa rukuninsa ma yana da wata ƙofar.

Batun biya kuwa, duba agogo tukuna. Wasan ƙarfe bakwai na yamma a New York sha biyun dare ne a Zariya, na Los Angeles kuma ƙarfe uku na dare. Ko da aka kawo agogon da ke ƙayyade wa mai jifan ƙwallo lokaci a 2023 don rage tsawon wasa, wasa ɗaya yana cin awa biyu da rabi zuwa sama. Ƙara da datar da zai sha da man janareta, ga lacca da safe. Hukumar gasar tana sa taƙaitaccen kowane wasa kyauta a YouTube, ka kalla bayan asuba. In dole sai ka ga kai tsaye, nemi wasannin ranar Lahadi, yawancinsu da rana ake yi a can, suna faɗo mana wajen magariba.

Tambaya daga wani ma'aikaci a Abuja: Na ga an sake buga waƙoƙin shekarun 1970 a faifai mai nauyin giram 180, ja jawur, an ce kwafi kaɗan aka yi. Har kala uku ake sayarwa. In sayi duka ukun in ajiye, ko za su yi tsada nan gaba?

Amsa: Malam, zauna, don wannan ce tambayar da ta fi tsaya mini a rai. Kala uku, waƙa ɗaya, murya ɗaya. Kunnenka ba ya jin ja ko shuɗi. Nauyin giram 180 ma ba ya ƙara wa sauti komai, zurfin layin da allura ke bi ɗaya ne ko faifan na da kauri ko siriri ne. Kaurin yana ɗan taimaka masa kada ya lanƙwashe, shi ke nan. Abin da ke sa faifai ya yi daɗi shi ne inda aka ɗebo sautin da kuma hannun wanda ya gyara shi. To wannan shi ne abin da mai talla ba ya son ka tambaya.

Kasuwar ta buɗe sosai. A 2022 yawan faifan roba da aka sayar a Amurka ya wuce na CD, karo na farko tun 1987. Duk inda kuɗi ya taru kuwa, masu jabu suna nan tafe. Akwai sabon bugu iri uku. Na farko, an samo ainihin tef ɗin da aka naɗa a situdiyo, aka gyara shi, aka buga da izinin mai waƙa ko magadansa. Na biyu, tef ya ɓace, sai aka nemo tsohon faifai mai lafiya aka kwafa daga gare shi, aka kuma faɗa maka gaskiya a bangon. Wannan ba laifi ba ne, da yawa daga waƙoƙin Afirka ta Yamma haka aka ceto su, domin zafi da laima da sakaci sun cinye tef-tef masu yawa. Na uku shi ne tsiyar: wani ya sauke waƙa daga intanet, ya ɗauki hoton tsohon bango ya buga shi dishi-dishi, ya zuba a roba mai launi, ya rubuta "kwafi 300 kacal". Mai waƙa bai sani ba, 'ya'yansa ba su ga ko kwabo ba, kai kuma ka biya kuɗin jirgi don a kawo maka abin da ke cikin wayarka tuntuni.

Kada ka ɗauka manyan kamfanoni ma ba sa ɓoye zance. A 2022 aka gano cewa kamfanin Mobile Fidelity na Amurka, wanda mutane ke biyan kuɗi mai yawa don sun yarda faifansa kai tsaye daga tef yake fitowa, ya daɗe yana bi da sautin ta kwamfuta kafin ya buga. Har kotu aka je, suka amince su biya masu saye. Abin dariyar shi ne, masu cika bakin cewa kunnensu na bambance sautin kwamfuta da na tef sun yi shekaru suna yabon faifan ba su ji komai ba.

Akwai masu yin aikin da gaskiya. Kamfanoni irin su Strut da Soundway a Ingila da Analog Africa a Jamus sun fito da kiɗan Najeriya da Gana da Benin na shekarun 1970 tare da ɗan littafi mai tarihin mawaƙan. Sahel Sounds na Amurka ya sake buga kiɗan Mamman Sani na Nijar a 2013, da saninsa, daga kaset ɗin da ya naɗa a 1978. Irin wannan bugun za ka ga sunan kamfani da lambar faifai da sunan wanda ya gyara sauti da bayanin izini. Juya faifan a haske, kusa da takardar tsakiya akwai lambobi da aka zana a jikin robar. Ka gwada su da abin da ke shafin Discogs, inda masu tara faifai ke rubuta kowane bugu, har da waɗanda ba na halal ba. Bangon da ba ya ɗauke da adireshin kowa, ajiye shi.

Zancen za su yi tsada kuma, haba Malam. Abin da aka buga jiya don a tara shi, kowa ma tarawa yake, a leda, ba a buɗe ba. Wa zai saya a hannunka? In waƙar ta karɓu, kamfanin zai sake bugawa baɗi da wani launin. Tsofaffin faifan da suka yi tsada sun yi ne saboda ba wanda ya ajiye su, an sa su a biki har suka ƙare. Faifai sabo ɗaya yakan kai dala 25 zuwa 40, kuɗin aikowa Najeriya kuma sau da yawa ya kai na faifan ko ya fi. Sau uku ke nan. Kai ka san abin da wannan kuɗin zai sauke a kicin ɗinka. Sayi ɗaya, baƙi, in har za ka saurara. In ba ka da abin kunna shi ma, to hoton bango kake so, wannan kuwa mai buga kalanda zai yi maka.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi: Ɗan'uwana zai aiko mini da garmaho daga Amurka. Akwai matsala?

Amsa: Akwai, Alhaji. Wutarsu 120 ce, tamu 220 zuwa 230, in ka soka kai tsaye sai hayaƙi. Ko ka sa turansifoma, bugun wutarsu 60 ne a daƙiƙa, namu 50, kuma akwai injinan da saurin juyawarsu ya dogara da wannan, sai ka ji mawaƙi yana jan murya kamar mai jin barci. Ɗan'uwan naka ya karanta jikin abin sokawar kafin ya biya: in an rubuta 100 zuwa 240 da 50/60, ya saya. Ya guji ƙananan nan masu kama da akwati, allurarsu tana danna faifai da nauyi. Ka tanadi sitabilaiza.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Katsina: Mahaifinmu ya rasu ya bar kwali biyu na kaset da faifai, akwai Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya. Wani ya zo zai saye duka. Ina tsoron in sayar in yi nadama, ina tsoron in ajiye su lalace.

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, abin da ya shekara talatin a kwali ba zai lalace a wata ɗaya ba. Mai saye ya jira. Da farko ma kayan gado ne, sai da yardar sauran magada.

Ki fitar da su daga ɗakin da kwano ke gasawa. Faifai a tsaye ake jera shi, in aka kwantar aka ɗora wani kan wani zafi zai lanƙwasa shi. Ki rufe su saboda ƙurar hunturu. Masu nauyin nan da ke fashewa in sun faɗi, masu juyi 78 a minti, kada a goge su da sifirit, yana narkar da su, kuma allurarsu daban ce. Kaset ɗin da kika ga farin fumfuna a jikin zarensa kada a kunna shi, kuma kada a gwada ko ɗaya a tsohuwar rikodar da ke cin zare.

Abin da na fi so ki duba shi ne kaset ɗin da Baba ya rubuta wa suna da biro. Wanda kamfani ya buga, wataƙila wasu ma suna da shi. Amma mawaƙan nan sun yi waƙoƙi da yawa a gidajen biki da fadar sarakuna da gidan rediyo waɗanda ba a taɓa bugawa don sayarwa ba. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Ɗanmaraya a 2015, ba mai sake rera su. Mai yiwuwa a kwalinku akwai abin da babu shi a ko'ina. Ki sami mai situdiyo da kika yarda da shi, ya juye su a kwamfuta a tsarin WAV, wanda ba ya rage ingancin sauti, ki tsaya a yi a gabanki ko gaban ƙaninki, kaɗan-kaɗan. Ki ajiye kwafi biyu a gida biyu. Bayan nan in kun ga dama ku sayar, ɗaya-ɗaya, bayan kun tambayi farashi a wuri fiye da ɗaya. Wanda ya ce "duka nawa" tun bai buɗe kwali ba, ya san abin da ya hango.

Tambaya daga wata uwa a Bronx, New York: Yarona ya dame ni sai na kai shi filin Yankees kafin kaka ta ƙare. Wani a unguwa ya ce yana da tikiti mai araha.

Amsa: Hajiya, kai shi, ai filin a unguwarku yake, jirgin ƙasa mai lamba 4 yana tsayawa a titi na 161, bakin ƙofa. Amma tikitin yanzu a waya yake, ta manhajar gasar, kuma hoton tikiti da wani zai turo miki ba lallai ya buɗe ƙofa ba. Ki saya a shafin ƙungiyar. Farashi yana hawa da sauka: wasa da Boston ko na ƙarshen mako ya fi tsada, na tsakiyar mako da ƙungiyar da ta riga ta fita daga tsere ya fi sauƙi. Kujerun sama sun ishe shi ganin komai. Ku ci abinci a gida kafin ku fita, na cikin fili zai fi tikitin cin kuɗi.

Tambaya daga wani a Kaduna: Wace ƙungiya zan sa wa kuɗi ta ɗauki kofin bana?

Amsa: Ka aiko wa shafin da ba naka ba. Wasan da ƙungiya mafi ƙarfi ke shan kaye sau 60 a shekara shi za ka jingina kuɗin cefane a kansa? Tsohon ɗan wasa Pete Rose ya fi kowa yawan bugun ƙwallo mai nasara a tarihin gasar, amma caca ta sa aka kore shi daga harkar a 1989. In shi da ke cikin fili bai tsira ba, kai da ke Kawo da waya a hannu sai ka kama kanka.