Rumman zai iya maye gurbin maganin hawan jini? Kuma da gaske yana ƙara jini?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta, dan Allah a taimaka min da bayani. Mahaifiyata tana da hawan jini da suga, kullum tana shan amlodipine, sai wata maƙwabciyarmu tace ta ajiye ƙwayar ta koma ruwan rumman tunda ɗan itacen Aljanna ne, wai har ɓawon ma a busar a dinga dafa mata kamar shayi. Ni kuma ina da ciki wata biyar, wajen awo ance jinina yayi ƙasa, shine nake ta siyan rumman duk da tsadarsa. Ya abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ke kuma ya raba lafiya.

Kafin komai, dan Allah kar Mama ta ajiye ƙwayar nan ko na kwana ɗaya. Rumman abu ne mai albarka, sau uku aka ambace shi a Alƙur'ani, biyu a Suratul An'am ɗaya a Suratur Rahman, amma babu inda akace mai ciwo ya bar maganinsa dominsa. Gaskiya ne an gwada ruwansa a kan mutane kuma anga yana ɗan sauke hawan jini, wajen maki 5 a lambar sama ta awon hawan jini, shi ma gwaje-gwajen ƙanana ne na 'yan makonni. Toh kinga wanda jininsa ke kai 170 in ya bar magani, maki 5 me zai tsinana masa? Kuma shi hawan jini baya sallama, mutum yana jin garau sai dai kawai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta taɓu.

Wannan zuzutawar ma ba a nan aka fara ba. A Amurka akwai kamfanin POM Wonderful mai sayar da ruwan rumman, a 2010 hukumar kula da kasuwanci ta ƙasar ta tuhume shi kan tallan da yake cewa ruwan yana maganin ciwon zuciya da kansar prostate (wani ƙulli da ke ƙasan mafitsarar maza) da raunin mazakuta, aka yi ta shari'a, a 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar cewa tallan yaudara ce don basu da hujjar da ta kai.

Amfanin da yake dashi kuwa na gaske ne. Akwai sinadaran da ke kare jijiyoyin jini daga lalacewa, da fotasiyam, da bitamin K da ɗan bitamin C, sannan ɗan ƙashin nan na cikin ƙwayar da mutane ke tofarwa yana taimakon bayan gida, a tauna shi a haɗiye. Ga Mama mai suga kuma nan ne abin lura, 'ya'yan rumman giram 100 suna da sukari kamar giram 14, amma kofi ɗaya na tataccen ruwan ya kai giram 30, kusan kwalbar lemo kenan, balle na kwali da ake ƙara masa sukari. Ta ci rabin rumman da 'ya'yansa bayan abinci, hakan ya fi mata. In kuma an taɓa ce mata ƙodarta ta samu matsala toh sai ta tambayi likitanta tukuna saboda fotasiyam ɗin, musamman in an haɗa mata da lisinopril, wani maganin hawan jinin. Haka masu shan warfarin na tsinka jini, an samu waɗanda ruwan rumman ya rikita musu awon maganin, su faɗa wa likita kafin su maida shi abin sha na kullum.

Maganar ɓawo bana goyon baya. Na san iyayenmu suna jiƙa shi don zawo, yana da ɗan tasiri saboda baurinsa yana ɗaure ciki, amma a dafa a sha safe da yamma wata da watanni wannan wani abu ne daban. Ɓawon da sassaƙen da saiwar in suka yi yawa suna cutarwa, saiwar ma da ita ake kashe tsutsar ciki a da, kuma tana sa jiri da amai. A tukunya waye zai auna miki adadin? Ke mai ciki kam ko kusa kar ki sha.

Sai naki. Mu dai duk abinda yake ja mun ɗauka jini ne, zoɓo, tumatir, rumman, duk layi ɗaya muke sa su. Abinda jiki ke buƙata ya haɗa jini shine sinadarin ayan (iron, wato ƙarfe), kuma a giram 100 na rumman ko rabin miligiram babu, alhali mai ciki tana buƙatar kusan 27 a rana. Ki ci abinki in kina sha'awa, baya cutar da ciki, amma kuɗin nan da kike zubawa in kika sayi nama da kifi da wake da zogale da alayyahu sai kin fi ganin canji, ki bi da gwaiba ko lemon zaƙi don bitamin C ɗinsu ya fi na rumman nesa ba kusa ba, shi ke taimakawa ayan ɗin wake da ganye ya shiga jiki. Ƙwayoyin ƙarin jini da aka baki wajen awo ki dinga sha kullum ko da suna sa bayan gida yayi baƙi, ba matsala bace, sai dai kar ki kora su da shayi, yana hana su aiki sosai. Kuma ki roƙa a duba miki maleriya, don a wajenmu tana cikin manyan masu shanye jinin mai ciki, in ba a kashe ta ba duk abinda kika ci jinin zai yi ta komawa ƙasa.