Tagar gzip ba ta wuce kilobait 32

Ka tambaye ni me ya haɗa matse rubutu da haƙar bayanai, tunda a ganinka ɗaya tsimin wuri ne, ɗaya kuma tono abin da ke ɓoye. Yaro, aiki ɗaya ne. Manhajar da ke matse fayil ba tare da ta zubar da ko harafi ba, da me take rage girmansa? Da gano abin da ke maimaituwa. Shi ma mai haƙar bayanai abin da yake nema ke nan.

Ba zan tsaya koya maka tsarin Huffman na 1952 ba, mai bai wa harafin da ya fi yawan fitowa gajeriyar alama, wanda bai san shi ba bai shigo sana'ar ba tukuna. Riƙe na Lempel da Ziv na 1977: jimlar da ta taɓa fitowa ba a sake rubuta ta, sai a ce koma baya kaza, kwafo harufa kaza. To matse takarda ta farko, matse ta biyu, sannan ka liƙa su ka matse tare. In haɗaɗɗen bai fi babbar cikinsu da yawa ba, takardun 'yan uwa ne. Cilibrasi da Vitányi sun wallafa awon a 2005, lamba ce daga sifili zuwa ɗaya: sifili kama sak, ɗaya babu dangantaka.

Wannan awon ne ya ja min asarar da har yau take ci min rai. Wani mai kamfani ya kawo min tulin rahotanni, yana son a ware waɗanda aka kwafa daga juna. Dogaye ne, don haka na ɗora aikin kan xz, wata manhajar matse fayil mai tuna megabait 8 na rubutun da ya wuce a yadda ta zo. Na gwada a gabansa, ya ga kwafaffun sun jeru, ya yi ta sa albarka, ya ce cikon kuɗina sai ƙarshen wata. Ashe ya miƙa manhajar ga wani yaro mai arha, wai ta cika nawa. Yaron ya cire xz ya sa gzip, wata manhajar matsewar daban, aiki ya yi gudu, suka yi murna. Shi kuwa gzip bayansa kilobait 32 kawai yake hange, iyakar hangen nan ita ake kira taga. Kafin ya shiga takarda ta biyu ya manta farkon ta farko, sai rahotanni biyu masu kalmomi iri ɗaya sak su fito kusa da ɗaya, kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Mutumin nan ya kira ni yana faɗa, wai na sayar masa da gaibu. Na buɗe fayil na nuna masa layin da aka canza, da ranar da aka canza shi. Ya dubi allon, ya ce shi bai san wannan ba. Ko sisi bai cika min ba, kuma ya bi gari yana ɓata min suna.

Ku 'yan yanzu sauri ne ya dame ku, kuna sauya manhaja ba ku karanta takardarta ba. Kafin ka amince da kowace, ɗauki fayil mafi girma a tulin, liƙa shi da kansa, ka auna. In bai sauko kusa da sifili ba, tagar ta yi ƙanƙanta. Bzip2, shi ma mai matse fayil, yana kai kilobait 900 a dunƙule ɗaya, in haɗaɗɗen ya wuce haka koma xz. Je ka gwada, ka kawo min lambobin gobe.