Me ya sa 'yan wasan fim ɗin David Copperfield na 1913 suke tafiya a guje?

Tambaya: Malam, ina rubuta kundin kammala digiri a kan fim ɗin David Copperfield na 1913. A kwafin da na samu a intanet 'yan wasan suna sauri kamar ana korarsu, labarin kuma yana tsallake abubuwa da yawa. Hankalina ya tashi, kada a ce lalataccen kwafi na ɗora aikina a kai.

Amsa: Malama, tsallaken labarin ba laifin kwafinki ba ne. Littafin Charles Dickens da aka ɗauko labarin fim ɗin daga cikinsa babi 64 ne, Thomas Bentley kuma ya matse shi a fim marar magana da ya shirya wa kamfanin Cecil Hepworth, domin masu kallon Ingila da suka riga suka san labarin.

Saurin tafiyar ne ya cancanci damuwarki. Kusan kullum sai na ji wani yana cewa haka finafinan da suke, wai ƙwarewar mutanen zamanin ce ba ta kai ba, kuma wannan kuskure ne da yake ɓata binciken ɗalibai. Da hannu ake juya na'urar ɗaukar hoto a lokacin, galibi hoto 16 zuwa 18 a daƙiƙa ɗaya. Hoto 24 a daƙiƙa bai zama ƙa'ida ba sai da finafinai masu magana suka shigo a ƙarshen shekarun 1920. Idan aka haska fim mai hoto 16 da gudun 24, saurinsa ya ƙaru da rabi, sai tafiyar mai baƙin ciki ta zama abin dariya, ɗalibi kuma ya rubuta cewa ɗan wasan bai iya ba.

Waɗanda suka fi ba ni takaici su ne masu sa kwamfuta ta shafa wa fim launi, ta ƙirƙiri hotunan da ba a taɓa ɗauka ba, sannan su ce sun gyara shi. Kamfanin Hepworth ya karye a 1924, aka narkar da asalin finafinansa domin azurfar da ke jikinsu, don haka ɗan abin da ya tsira bai kamata a yi wasa da shi ba.

Ki rage gudun kwafinki zuwa kashi uku cikin huɗu, wato daga hoto 24 zuwa 18 a daƙiƙa, ki dubi takun ƙafa da yadda tufafi suke kaɗawa. Sannan ki nemi kwafin da ya fito daga ma'adanar finafinai ta BFI, wato Cibiyar Finafinai ta Birtaniya, ki faɗi a kundinki wanda kika kalla.