Hukuncin Cire wa Majinyaci Na'urar Numfashi

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, jini ya zuba a ƙwaƙwalwar mahaifinmu, yau kwana 11 yana ɗakin kulawa ta musamman, na'ura ce ke yi masa numfashi. Likitoci sun ce ƙwaƙwalwar ta mutu, sun nemi in sa hannu a cire na'urar tunda ni ne babban ɗa. Ƙannena sun ce idan na yarda, ni na kashe Baba. Mene ne hukunci?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Allah ya sassauta wa mahaifinku, ya ba ku juriya.

Ka fara rarrabe abu biyu da ƙannenka suka haɗa. Yi wa majinyaci allurar da za ta ɗauke ransa don a hutar da shi kisa ne, haramun ne ko da shi ya roƙa, domin rai amana ce ba mallakarsa ba. Dakatar da magani ko na'urar da masana suka tabbatar ba ta da sauran amfani wani abu ne dabam, domin magani yakan wajaba ne idan ana kyautata zaton barinsa zai halaka mutum kuma yinsa zai tsirar da shi. Idan wannan zaton ya gushe, wajibcin ya faɗi.

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a shekarar 1986, ta yanke cewa wanda duk ayyukan ƙwaƙwalwarsa suka tsaya cak, ƙwararrun likitoci suka ce babu dawowa kuma ƙwaƙwalwar ta fara lalacewa, ya mutu a Shari'a, ya halatta a cire masa na'ura ko da zuciya tana bugawa da taimakonta. A 1987 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta halatta cirewar da sharaɗin likitoci 3 ƙwararru su tabbatar, sai dai ba ta ɗauke shi mamaci ba har sai zuciya da numfashi sun tsaya bayan cirewar. Ga ra'ayi na biyun na fi karkata, domin rayuwarsa yaƙini ce, yaƙini kuwa ba ya gushewa da shakka. Saboda haka iddar matarsa da rabon gado suna farawa ne daga lokacin da zuciyar ta tsaya.

Amma ka tambayi likitocin a fili: mutuwar ƙwaƙwalwa ce baki ɗaya, ko doguwar suma? Mutane da yawa suna rikita su. Wanda ke numfashi da kansa, ko idonsa ke motsi idan an haska masa fitila, rayayye ne, kuma bai halatta a yanke masa abinci da ruwa ba ko da ta bututu ake ba shi.

Game da sa hannu kuwa, hakkin majinyaci ne tun asali, shi ya sa Annabi (SAW) ya nuna rashin yarda lokacin da iyalinsa suka ɗura masa magani a rashin lafiyarsa ta ajali bayan ya yi musu ishara kada su yi, kamar yadda Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha. Idan hankalin majinyaci ya gushe, sai hakkin ya koma ga waliyyinsa mafi kusanci. Waliyyi ba son ransa yake bi ba; maslahar majinyacin yake dubawa, tare da abin da ya taɓa ji daga bakinsa yana da lafiya. Wanda gajiyar jinya ko kwaɗayin gado ya tura shi ga sa hannu ya ci amana.

Idan likitoci 3 amintattu sun tabbatar da abin da ka faɗa, ya halatta ka sa hannu, babu zunubi ko diyya ko kaffara a kanka. Kada ka yi shi a bayan idon ƙannenka. Ka kai su gaban likitan su yi tambayoyinsu, su ji da kunnensu, kuma idan sun nemi kwana ɗaya ko biyu don zuciyarsu ta natsu, alhali babu wani majinyacin da ake sa ran warkewarsa yana jiran na'urar, ka ba su. Ku kasance a gefensa lokacin cirewar, ku fuskantar da shi alƙibla idan ya yiwu, kuna yi masa addu'a.

Allah ne mafi sani.