Wace ƙaramar bindiga zan saya a Texas?

Ɗan'uwa, ka ce kana zaune a Texas, kana neman siririyar bindiga mai sauƙin kuɗi da za ka soke a ƙugu ba a gani. Kafin komai, duba takardunka. Dokar tarayyar Amurka ta hana mafi yawan masu bizar karatu ko ziyara mallakar bindiga, amma mai katin zama na dindindin yana iya saya bayan an binciki tarihinsa a shago. Tun Satumban 2021 Texas ta bari a riƙe ba lasisi, duk da haka ni dai ina ba ka shawara ka yi horon lasisin.

Da ni ne, Smith & Wesson Shield zan ɗauka, mai harsashi 9mm. Ta fito a 2012, kaurinta bai cika inci ɗaya ba, tana cin harsashi 7 ko 8, kuma ta hannu tana da araha. SIG P365 ta 2018 tana cin 10 a ɗan jikin nan nata, sai dai ta fi tsada. Taurus G3C ta fi su arha, tana cin 12, amma ta ɗan fi kauri.

Ka sani, ƙaramar bindiga ta fi dukan hannu idan ta tashi. Je filin koyon harbi, ka yi hayar biyu ko uku, ka ji wadda ta zauna maka a tafin hannu. Ka kuma ware kuɗin kube mai tauri da ke rufe kunamar bindigar, da akwati mai makulli saboda yara a gida.